Yadda na fito daga Libiya a 2011 da abin da ya biyo mu a kan hanyar

Shekaranjiya da dare a majalisarmu yara suna ta gardama a kan waya, wai ƙasa kaza shugabanta azzalumi ne a yi mata ruwan bama-bamai kawai kowa ya huta. Ban tanka musu ba don raina ya riga ya ɓaci, amma na kwana ina juyi a kan tabarma, shi ne na ce bari dai in rubuta abin da na gani, don ni na kwana a garin da ake jefa wa bam ɗin, kuma na bi hanyar da ake bi a fita daga cikinsa.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tanut, jihar Damagaram. Na tafi Libiya bida a 2008, aikin gini nake a Tajura gabas da Tarabulus, na fara da ɗaukar siminti har Allah ya sa na koyi ɗaura tayil. Duk bayan wata biyu ina aika kuɗi gida ta hannun masu hawala, kuma bakin mutum goma sha ɗaya ke ci daga wannan aiken, har da tsohuwata da 'ya'yan yayana da ya rasu. Kar wani ya ce na zo wanke Gaddafi, a'a. Mutanenmu suna sonsa, sun tuna Mauludin da ya yi a Agadas a 2007, na Kano sun tuna zuwansa a 1997, amma wanda ya zauna a cikin ƙasar ya san wani abu daban. Yaro ƙarami zai kalle ka a titi ya ce maka abid, wato bawa, kuma ba ka isa ka ɗaga murya ba. Tsofaffin 'yan bida suna ba mu labarin kisan baƙar fata da aka yi a Zawiya a shekara ta 2000, su kansu Libiyawan sai sun duba hagu da dama kafin su ambaci gidan yarin Abu Salim inda aka kashe fursunoni sama da dubu a 1996. Duk wannan gaskiya ne. Amma a lokacin akwai aiki, akwai kubza, wato burodi, mai araha, mai ya fi ruwan gora sauƙi, kuma rumbunan makamai a kulle suke da mai gadi a ƙofa. Ku riƙe wannan na ƙarshen.

Da aka fara bore a Bengazi 17 ga Fabrairu mun ɗauka kwana biyu ne za a gama. Sai kalma ɗaya ta shigo gari, murtazaka, sojan haya. Wai Gaddafi ya kawo baƙar fata suna kashe masa mutane. Daga ranar duk mai irin fatarmu ya zama abin zargi, ko lebura ne kai ko mai ban ruwa a gona. Mu bakwai ne a ɗakinmu, mu huɗu 'yan Nijar, kawuna ƙanen mahaifiyata shi ne babbanmu, sai 'yan Kano biyu da wani ɗan Cadi. An yanke intanet, kiran waje sai an yi sa'a, rediyon kawu ne kawai idonmu, BBC da RFI da DW safe da dare. A ciki muka ji ranar 17 ga Maris Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, a hana jirage tashi a sararin Libiya a kare farar hula. Ƙasa goma suka yarda, biyar suka ƙaurace, Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil. Cikin goman nan har da ƙasashen Afirka uku, Najeriya da Gabon da Afirka ta Kudu. Na tuna ɗaya daga cikin Kanawan nan ya ajiye kofin shayinsa ya ce kai, mu ma har da mu? Ba wanda ya ba shi amsa.

Ranar 19 ga Maris jiragen Faransa suka fara kai hari kusa da Bengazi, da dare Amurka da Ingila suka harbo makamai masu linzami sama da ɗari daga teku. Ba zan iya kwatanta muku ƙarar nan ba, ba a kunne kaɗai kake jinta ba, a ƙirji kake jinta, ƙasa ta motsa ƙura ta zubo daga rufi, sannan bindigogin kakkaɓo jirage su ɗauka ta ko'ina sama ta yi ja kamar ana watsa garwashi. Tajura akwai wuraren soja don haka kusan kullum ne. Kawu ya riƙa jan mu Yasin, har ɗan Cadin da ba ya jin Hausa sosai ya dawo kusa da shi yake kwana. A daidai ranar da aka fara ɗin shugabannin da Tarayyar Afirka ta naɗa su shiga tsakani suna Nuwakshot suna shirin tafiya Libiya, ba su samu shiga ba, sai wajen 10 ga Afrilu suka je Tarabulus, Gaddafi ya ce ya amince da taswirar sulhun, washegari 'yan tawaye a Bengazi suka ƙi. To me zai sa su yarda, ga NATO, ƙungiyar tsaron ƙasashen Yamma, na yi musu aiki ta sama.

Ƙarshen Afrilu kawu ya tara mu ya ce ku ji, yara, duk wanda ya ci yaƙin nan mu ba mu da rabo a ciki, gida za mu. Daga nan aka fara wahalar fita, kuma ita ce nake so in faɗa dalla-dalla don mutane suna ɗauka tashi kawai ake a hau mota.

Farko kuɗi. Ina bin mudir ɗina, wato maigidana a wurin aiki, albashin wata huɗu. Na je gidansa sau uku, ba mugun mutum ba ne wallahi, ya nuna min cewa banki ta ƙayyade abin da mutum zai cira, ginin da muke yi an tsaya, shi kansa yana shirin kai iyalinsa Tunisiya. Ya ba ni na wata ɗaya da wani bargo, ya ce sauran in an zauna lafiya. Sai takarda. Yawancinmu ba mu da fasfo, ta sahara muka shigo, don haka muka je ofishin jakadancinmu muka tarar da mutane jingim har kan titi, wasu da katifunsu a nan suke kwana. Kwana biyu muka yi muna bin layi da hoto biyu-biyu kafin muka samu lesefase, takardar tafiya ta wucin gadi a madadin fasfo. Wasu sun bi ta Ras Jedir zuwa Tunisiya inda ake kwashe mutane da jirgi, amma kawu ya ce shi da kayansa zai koma, keken ɗinki da talabijin da ya tara shekara shida, ba za a ɗaukar masa su a jirgi ba. Muka zaɓi kudu.

Daga Tarabulus zuwa Sabha kilomita ɗari bakwai da wani abu ne, a da yini ɗaya ake yi, mu kwana biyu muka yi saboda mai ya yi wuya, layin gidan mai a Tarabulus a lokacin mutum na iya kwana a ciki. Ta Garyan da Mizda da Shuwairif muka bi, kuma bawwaba, wato shingen bincike, ban iya ƙirga su ba. A kowace sai a sauke mu a jera, a karɓi waya a cire sim da memori wai kar mu fita da hotuna, wani wurin wayar ma ba ta dawowa. Kuɗina na raba uku, kashi ɗaya a ɗinke a ƙugun wando, ɗaya cikin kwalin shayi, ɗaya a aljihu na bayarwa. Kafin mu kai Sabha na aljihun da na kwalin duk sun tafi.

A Sabha muka sauka unguwar Gurda a wani gida da ake tara matafiya, kwana tara muna jiran babbar mota ta cika. Wanda bai taɓa ganin motocin nan ba, Marsandi ce ta kaya, ana loda buhuna da katifu da akwatuna har ta yi tudu ta kumbura ta gefe, sannan mutane su hau can sama su zauna a kan kayan ƙafafu na reto, mun fi mutum ɗari a tamu har da mata da yara. Kowa ya sayi jarka biyu ya naɗe su da buhu ya rubuta alamarsa a rataye a jikin mota, sai garin rogo da dabino da sukari da biskit, sai rawani da tabarau saboda ƙura. Kuɗin mota ya ninka abin da muka sani, kuma kaya kuɗinsu daban. A nan kawu ya sayar da talabijin ɗin a wulaƙance don ya cika wa ƙaramin cikinmu kuɗin mota.

Gatrun, Tajarhi, sai Tumo a bakin iyaka. Watan Mayu ne, wanda ya san saharar Tenere a watan Mayu ya san abin da nake nufi. Da hantsi ya ɗaga sai a tsaya kowa ya shige ƙarƙashin mota, sai la'asar a tashi a yi ta tafiya cikin dare. Mota ta kafe a rairayi a sauko a haƙa a shimfiɗa faranti na ƙarfe a tura, a ƙara gaba kaɗan ta sake kafewa. Tsakanin Tajarhi da Tumo wani dattijo mutumin Tawa ya rasu a kan kaya, muna tsammanin barci yake. Muka yi taimama muka yi masa salla, muka haƙa da farantin nan na mota, muka jera duwatsu. Ɗan'uwansa ya ɗauki hularsa da 'yar jakarsa. Allah ya jiƙansa.

A wannan yankin ne na ga abin da ban fahimta ba sai daga baya. Muna kwance ƙarƙashin mota da rana sai ga Toyota guda uku sun wuce can nesa kaɗan da gudu, ba a kan sawun da kowa ke bi ba, sun nufi yamma, bayansu a rufe da tamfol an ɗaure tam, mutanen ciki duk da rawani. Direbanmu Batube ne, ya ce da mu cikin Hausarsa kar wanda ya tashi kar wanda ya nuna da hannu. Bayan sun ɓace kawu ya tambaye shi, malam direba su wane ne waɗannan? Ya ce Alhaji kaya ne suke wucewa, yanzu kaya sun yi yawa a Libiya. Ni ban ga abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin ba. Amma ban fi wata ɗaya da isa gida ba, a watan Yuni, aka sanar sojojinmu sun yi arangama da wasu motoci a yankin Arlit sun kama kilo 640 na abin fashewa da ya fito daga Libiya.

A Madama muka fara ganin tutar Nijar, wasu suka fashe da kuka. Sojoji suka ƙirga mu suka duba takardu, muka wuce Dao Timi da Segedin muka shiga Dirku. Dirku ƙaramin gari ne amma a lokacin mutanen da suka fito daga Libiya sun cika shi maƙil, duk inuwar da ka gani da mutum a ciki. A nan ake rajista a wurin hukumar OIM mai kula da 'yan ƙaura, ka bi layi a rubuta sunanka da garinku da inda ka fito da aikin da kake yi, a ba ka 'yar takarda, masu aikin lafiya su duba ka su yi wa yara rigakafi. Wanda ba shi da ko dala sai ya jira a sa shi cikin motocin da ake biya wa marasa hali, mu da muka riga muka biya har Agadas jiran ayari kawai muke, don ba a barin mota ta kama hanyar ita kaɗai sai da rakiyar soja. Ma'aikatan nan sun yi iya ƙoƙarinsu amma mutane sun fi ƙarfin wurin, abinci ya yi tsada a kasuwa, gudawa ta kama yara. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Daga Dirku zuwa Agadas kilomita wajen 650 ne na rairayi zalla, kwana huɗu, sannan muka hau bas ta Aderbisinat zuwa Tanut. Daga ranar da na rufe ƙofar ɗakinmu a Tajura zuwa ranar da na yi sallama a gidanmu kwana talatin da uku ne, kuma abin da ya rage a ƙugun wandona bai kai jika ashirin ba.

Tsohuwata ta rungume ni tana ta godiya ga Allah, amma da dare na ji ta tana lissafin hatsin rumbu da matar yayana a hankali don kar in ji. Da ni nake aikowa, yanzu na zama ƙarin baki. Kuma ba gidanmu kaɗai ba, a ƙauyenmu kusan kowane gida akwai wanda ya dawo haka. Gwamnati ta ce 'yan Nijar sama da 200,000 suka dawo, ga Cadi wajen 150,000, kuma daminar 2011 ba ta yi kyau ba, 2012 aka shiga ƙarancin abinci. Shugaba Isufu a watan Afrilun nan aka rantsar da shi, ko zama bai gama yi ba wannan kaya ya faɗo masa, ga kuma Sa'adi ɗan Gaddafi da ya shigo Nijar a watan Satumba ya zama wata rigimar tsakaninmu da sababbin masu mulkin Tarabulus har sai da aka miƙa shi a 2014.

Waɗanda suka ƙi fitowa sun fi mu shan wuya. Da Tarabulus ta faɗi a watan Agusta aka bi baƙar fata gida-gida ana kamawa, garin Tawarga kuwa na Libiyawa ne baƙaƙe 'yan ƙasa, dubban mutane, aka kore su gaba ɗaya aka bar garin kango. Ɗaya daga cikin Kanawan ɗakinmu da ya ce zai tsaya ya karɓi kuɗinsa, har yau ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. An kashe Gaddafi a Sirte 20 ga Oktoba bayan jirage sun buge ayarin motocinsa, ranar 31 ga Oktoba NATO ta ce ta gama aiki, matuƙa jiragenta suka koma gida wurin iyalinsu. Rumbunan makaman nan da na ce ku riƙe, aka bar su a buɗe ba mai gadi.

Sai ku bi kwanakin da kanku. 17 ga Janairun 2012 'yan tawayen MNLA masu neman ɓalle arewacin Mali, da yawansu Buzayen da suka yi soja a Libiya suka dawo da motoci da manyan bindigogi, suka kai hari garin Menaka. Watan Maris sojojin Mali suka kifar da shugabansu Amadu Tumani Ture a Bamako saboda haushin yadda ake kashe su a arewa, cikin kwana uku Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi, kafin a jima masu iƙirarin jihadi suka kori su MNLA ɗin suka riƙe garuruwan. Janairun 2013 Faransa ta shigo Mali da yaƙi, wato wadda ta fara jefa bam a Libiya ita ce ta dawo kashe wutar da ta tsallako. 23 ga Mayun 2013 aka tayar da bam a barikin soja na Agadas da ma'adinin uraniyom na Arlit rana ɗaya, a Agadas ɗin da na sauka shekara biyu kafin nan ina murna na tsira. Madama inda muka yi kukan ganin tuta ta zama sansanin sojan Faransa. Daga baya ga harin Inates a Disamban 2019 an kashe mana soja 71, ga na Shinagodar wata ɗaya bayan nan soja 89. Sai juyin mulki ya bi Mali da Burkina da mu nan a 26 ga Yulin 2023.

Ba na cewa duk abin da ya same mu daga Libiya ya zo. Boko Haram ta riga 2011, tawayen Buzaye ya riga shi, rikicin manoma da makiyaya da rashin adalci da talauci namu ne na gida, kuma bindigogi da yawa da ke hannun 'yan ta'adda yau daga barikokin sojojinmu aka ƙwace su. Amma ciyawa busasshiya daban, wanda ya kawo ashana daban. Idris Debi, shugaban Cadi na lokacin, ya faɗa wa ƙasashen Yamma a gabansu a taron Dakar a Disamban 2014 cewa sun kashe Gaddafi sun tafi ba su tsaya gyara abin da suka rushe ba. Obama da bakinsa a 2016 ya ce rashin shirya abin da zai biyo baya a Libiya shi ne kuskurensa mafi muni a mulki, a shekarar kuma wani kwamitin majalisar dokokin Ingila ya ce an shiga yaƙin da bayanan da ba a tantance ba, aikin kare farar hula ya rikiɗe ya koma kifar da gwamnati. Rasha ta ce an yaudare ta da ƙudurin nan mai lamba 1973, da aka zo maganar Siriya ta hau kujerar na ƙi. Kuma duk wani shugaba ya ga cewa Gaddafi ya miƙa shirinsa na manyan makamai da hannunsa a 2003, shekara takwas bayan nan aka jawo shi daga cikin kwalbati. Libiyar kanta har yau gwamnati biyu ce, ɗaya a Tarabulus ɗaya a gabas.

Abin da ya fi ci min rai shi ne hanyar ba ta rufu ba, don yunwar da ta kai mu ba ta tafi ko'ina ba. A 2017 ƙanena ya sulale ya tafi ba da sanina ba, na yi masa faɗa tun kafin nan ya ce yaya to me zan zauna in yi. Lokacin an fara aiki da dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, direbobi sun daina bin rijiyoyin da aka sani suna zagaye sojoji ta cikin sahara. Ya isa Sabha, Sabhar da na kwana tara a cikinta ba wanda ya taɓa ni, aka sayar da shi ga masu gidan bashi, masu tsare mutum sai an biya kuɗin fansa. Wata ranar Talata bayan magariba wayata ta yi ƙara da lambar Libiya, na ɗauka sai na ji ana dukansa yana kiran yaya, yaya, wani ya karɓi wayar ya faɗa min kuɗi da Hausa tsantsa ya ce kwana bakwai. Muka sayar da sa biyu na huɗa, muka jinginar da gonar gabas, kawu ya kawo keken ɗinkin nan da ya tsallako da shi Tenere ya ce a haɗa. Sun sake shi bayan mun aika kashi na biyu. Ya dawo ta jirgin da ake kwaso mutane zuwa Yamai a ƙarshen shekarar, ƙafarsa ta hagu har yanzu ba ta taka daidai saboda dukan tafin ƙafa, kuma gonar gabas tana hannun wanda muka jinginar wa, bana ma shi ya shuka ta.